Daga Kabul Zuwa Kance: Yaran Da Tashin Hankali Ya Raba Da Gida

Hausawa na cewa idan giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. To, a kowane yaƙi da aka taɓa yi a duniya, yara su ne ciyawar. Manya ke ƙulla rigima, su kuma sasanta in sun gaji, amma yaron da aka raba da uwarsa yana shekara goma haka zai girma da tabon har tsufansa. Wannan shi ne abin da wani littafi na ƙasar Afganistan ya nuna wa duniya, kuma shi ne abin da wani yaro ɗan ƙasar Damagaram ya riga ya faɗa da bakinsa, da Hausa, tun fiye da shekara 160 da suka wuce.

Littafin Afganistan

Sunan littafin The Kite Runner, waɗanda suka yi lakwal kuma za su same shi da Faransanci da sunan Les Cerfs-volants de Kaboul. Wanda ya rubuta shi likita ne mai suna Khaled Hosseini, haifaffen birnin Kabul a 1965, wanda iyayensa suka sami mafaka a Amurka a 1980. Littafin ya fito a 2003, aka mai da shi fim a 2007.

Labarin yara biyu ne da suka tashi gida ɗaya. Amir ɗan attajiri ne, Hasan kuwa ɗan baran gidan, daga ƙabilar Hazara wadda ake yi wa kallon raini. Wasansu shi ne tayar da jirgin takarda mai dogon zare, inda yara ke shafa wa zaren garin kwalba don su tsinke na abokan karawa. Ranar da Amir ya ci gasar a 1975, wasu ƴan iska suka tare Hasan a lungu suka ci zarafinsa. Amir yana kallo daga nesa, tsoro ya hana shi ko tari. Kunyar abin da ya yi ta sa ya ɗora wa Hasan sharrin sata, har yaron da ubansa suka bar gidan.

Ita ma ƙasar ba ta zauna lafiya ba. An tumɓuke Sarki Zahir Shah a 1973, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo a ƙarshen 1979, suka fita a 1989, aka faɗa yaƙin basasa, sannan ƴan Taliban suka kama Kabul a 1996. Uban Amir, wanda ya saba a durƙusa masa, ya gudu da ɗansa zuwa Amurka, inda ya koma aiki a gidan mai, ranar hutu kuma su baza kayan gwanjo a kasuwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya sake farawa daga tire ya san wannan zafin. Sai bayan shekaru Amir ya ji cewa Taliban sun kashe Hasan, kuma ashe Hasan ƙanensa ne, ubansu ɗaya. Dole ya koma Kabul neman marayan da Hasan ya bari.

Namu na gida

Shi wancan ƙagaggen labari ne. Namu kuwa ya faru da gaske. Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. A wannan zamani Damagaram na ƙarƙashin Barno tana kai gaisuwa Kukawa, kuma ayarin fatake na tashi daga Zango zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina da kuma bayi. Birni ya bunƙasa, Sarki Tanimun ya kewaye shi da ganuwa har ya mallaki igwa, amma talakan ƙauye kullum barcinsa rabi da rabi ne, domin bai san ranar da mahara za su dira ba.

Irin wannan hari ne ya ci gidansu Dorugu. Yana ɗan kimanin shekara 12 aka kama shi, aka kawo shi birnin Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa, yana fita daga wannan hannu yana faɗawa wancan kamar akuyar kasuwa. A Kukawa ne wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasa, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya ƴanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu.

Daga nan tafiya ta miƙa. Suka biyo ta Damagaram a ƙarshen 1852, wato yaron ya sake taka garin da aka shigo da shi a ɗaure, wannan karo yana ɗa. Suka wuce Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a watan Satumba na 1853. Bayan sun komo Kukawa suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, suka sauka Landan a 1855. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar gero, kafin ya cika shekara 17 ya ga abin da manyan madugai ba su gani ba.

A Ingila wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa. Dorugu ya ba da labarin ƙauyensu, da yadda aka kama shi, da garuruwan da ya ratsa, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci, abin da ya ba shi mamaki kamar yadda mu ma muke ba su. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sannan labarin Dorugu ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ke nan Hausar ƙasar Kance na cikin ta farko da aka buga da boko a duniya. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 wasu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake buga labarin a fassarar Ingilishi.

Abin takaici, littafin Afganistan ya zaga duniya cikin harsuna da dama, amma je ka kasuwar Dole ko tashar Matamaye ka tambayi wane ne Dorugu, da wuya ka sami mai amsa maka. Kayanmu ne, da harshenmu, amma yana ajiye a ɗakunan karatu na Turai.

Hanyar ba ta mutu ba

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, bauta ta wuce, har ma Nijar ta sanya ta cikin manyan laifuka a dokar 2003. Gaskiya ne, sai dai raba yaro da gida bai wuce ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, ƙasar su Dorugu. Shi mahara suka fitar da shi, su kuwa talauci da kwaɗayin abin da ake samu wajen bara a Aljeriya. A watan Fabrairu na 2015 kuma, da Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, dubban jama'a sun kwararo Damagaram, da yawansu mata ne da goyo. Yaran da aka sauke a tasha a wancan lokaci yau sun zama samari da ƴanmata.

A nan ne maganar ta shafi ƴan kasuwa. Yaron da ya rasa gida ba ofis yake nufa ba, kasuwa yake zuwa. Shi ne mai ɗaukar miki kaya zuwa bakin titi, shi ne mai wanke kwanoni a rumfar mai tuwo, shi ne mai kwana ƙarƙashin tebur in an tashi. Alhaji da Hajiya su ne farkon masu ganinsa, tun kafin hukuma ta san da shi. Laifin Amir a cikin littafi bai wuce cewa ya gani ya yi shiru ba, kuma shirun nan ya bi shi shekara ashirin da ƴan kai. Shi kuwa Dorugu abin da ya cece shi bai fi mutum ɗaya da ya dube shi a matsayin ɗan mutane ba.

Saboda haka in yaro ya saba zuwa rumfarki, tambaye shi sunansa da garinsu da wanda yake kwana wurinsa. In maƙwabciya ta zo neman aron ɗa ko ɗiya don tafiya arewa, a tuna da mutum 92 na 2013 kafin a amsa. Malaman jami'ar Damagaram da gidajen rediyo kuma, ya kamata su nemo labarin Dorugu su karanta wa jama'a da Hausar da ya faɗe shi, domin na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma labarin ma sai an ba da shi ake jinsa. Allah ya raya mana zuriya a gaban iyayensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.