Fasali a kan shirun budurwa da izininta ga aure

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ka sani, ya kai ɗalibi, cewa a mazhabar Maliku aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi. Waliyyi kuwa iri biyu ne: mai tilastawa, shi ne uba ko wasiyyinsa da ya ba shi wannan iko, da wanda ba shi da tilas, kamar ɗan'uwa da baffa da alƙali. Wannan na biyu ba ya aurar da mace sai ta balaga kuma ta yi izini.

Bazawara sai ta faɗa da bakinta. Hansa'u 'yar Hizamu ubanta ya aurar da ita tana bazawara, ba ta so, ta kai ƙara ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya warware auren. Maliku ya ruwaito shi cikin Muwaɗɗa.

Amma budurwa shirunta izini ne, domin kunya tana hana ta furtawa. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, suna zaton kowane shiru yarda ne. Ba haka ba ne. An so a sanar da ita tun farko cewa wane ne mijin, nawa ne sadakin, kuma in ta yi shiru za a ɗauka ta yarda. In ta ce a'a, ko ta tashi ta gudu, ba a aurar da ita. In ta yi dariya ko kuka, a zancen da Shehu Halilu ya tafi a kai cikin Muhtasar, ana aurarwa, don kuka yana yiwuwa na tuna uban da ya rasu ne. Ni dai ina ganin waliyyi mai tsoron Allah ya tura wa yarinya wadda take sakewa da ita ta tambayo dalilin kukan.

Mas'ala. Akwai budurwai bakwai da shirunsu ba ya isa, sai sun furta kamar bazawara: wadda ubanta ya shaida ta yi hankalin riƙe dukiyarta, da wadda ya hana aure don cuta har alƙali ya karɓi al'amarin, da wadda aka yi sadakinta da kaya a inda al'ada kuɗi ce, da wadda za a ba bawa a zamanin da ake bauta, da wadda za a ba mai aibi, da marainiya ƙarama da ake tsoron lalacewarta, da wadda aka ɗaura wa aure ba a tambaye ta ba.

Ko uba ma tilas ɗinsa yana da iyaka, ba ya ba da 'yarsa ga mahaukaci ko kuturu ba da yardarta ba. Abu Hanifa kuwa bai ba uba tilas a kan baliga ba sam, kuma dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta bar wa mace baliga zaɓi, ta ɗaura da kanta ko ta wakilta ubanta. Wallahu a'alamu.