Tafiyar Ƙasa zuwa Ƙuryar Kudu ta Duniya

Masu ratsa nahiyar Antaktika da ƙafa sukan tashi daga gaɓar Hercules Inlet su nufi ƙuryar kudu ta duniya, tazarar kimanin kilomita 1,130, suna zamewa bisa dogayen alluna sirara da ake ɗaurawa a takalmi, kowa yana jan akwatin guzurinsa mai kama da ƙaramin kwalekwale. A 1994 Liv Arnesen, 'yar ƙasar Norway, ta zama mace ta farko da ta isa can ita kaɗai, cikin kwana 50.

Ana tafiyar ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana ba ta faɗuwa, saboda haka agogo ne kawai ke raba barci da aiki. Abin mamaki, ƙishirwa na cikin manyan matsaloli, domin ko da yake ƙanƙara ta mamaye ko'ina, babu ruwan sha sai matafiyi ya kafa tanti, ya kunna risho, ya ɗauki sa'o'i yana narkar da ita. Abincinsa maiƙo ne, musamman man shanu da cakulan, amma duk da haka ramewa yake yi.

Hanyar hawa ce har tsayin mita 2,835, iska kuma tana busowa daga gaba, tana sassaƙa kunyoyi masu tauri da ake kira sastrugi, waɗanda ke kifar da akwati. Gumi ma haɗari ne, domin idan ya jiƙa tufafi daskarewa yake yi da zarar mutum ya tsaya hutawa.