Mawaƙa Sun Tafi, Suna Yana Wasa: Nazari Kan Lynyrd Skynyrd

Ranar 5 ga Maris 2023 Gary Rossington ya rasu. Shi ne na ƙarshe cikin samari biyar da suka kafa ƙungiyar da ta zama Lynyrd Skynyrd a Jacksonville ta jihar Florida a 1964. Amma ƙungiyar ba ta ajiye jita ba, har yau tana yawon wasa a biranen Amurka. Molly Hatchet, 'yar garinsu, ita ma haka take: suna na nan, masu suna babu.

Mafarin abin haɗari ne. Ranar 20 ga Oktoba 1977, kwana uku da fitar faifan Lynyrd Skynyrd mai suna Street Survivors, mai ya ƙare wa jirgin da suka ɗauka shata, ya faɗi kusa da Gillsburg a Mississippi. Mutum shida suka mutu, ciki har da jagoran waƙa Ronnie Van Zant, da Steve Gaines da yayarsa Cassie. Aka yi shekara goma shiru. A 1987 waɗanda suka tsira suka haɗu don zagayen tunawa, Johnny ƙanen Ronnie ya karɓi makirfo. Jama'a suka cika wuri, tunawa ta zama sana'a. Matar Ronnie ta kai ƙara, sulhun 1988 ya gindaya cewa sai da tsofaffin 'yan ƙungiya a ciki za a ci gaba da amfani da sunan. To, mutuwa ba ta karanta takardar kotu: cikin tsofaffin, Allen Collins ya tafi a 1990, Leon Wilkeson a 2001, Billy Powell a 2009.

Me ya sa ba a nannaɗe tabarma ba? Kuɗi ne kan gaba. Tun da intanet ta karya kasuwar faifai, abincin mawaƙi ya koma dandalin wasa, kuma a can suna ne ke sayar da tikiti. Gidajen rediyo ba su daina saka waƙoƙinsu "Sweet Home Alabama" da "Free Bird" ba, don haka yaran da aka haifa bayan haɗarin sun tashi da su a kunne. Magada ma suna da rabonsu. Shi ya sa zagayen bankwana da aka shelanta a 2018 bai zama bankwana ba.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Waƙoƙin suna raye a hannun gwanaye, Johnny ya fi yayansa daɗewa a gaban ƙungiyar nesa ba kusa ba, gado kuwa ba karambani ba ne. Illar ita ce ƙirƙira ta tsaya. Sababbin faifai sun fito, amma ba su ne 'yan kallo ke ihun a maimaita ba, sai ƙungiyar ta koma mai kwaikwayon kanta.

A ganina 'yan Allman Brothers Band sun fi kyautawa. Sun rufe shago a 2014, da wasunsu suka sake haɗuwa a New York a Maris 2020 kuma, sai suka kira kansu The Brothers kawai.