Na'urar sauraron littattafai ta makafi

Na'urar sauraron littattafai ta makafi ƙaramar na'ura ce da ake riƙewa a hannu ko a sa a aljihu, wadda ke karanta wa mutum littafi da murya. Makafi da masu raunin gani ne suka fi amfani da ita, sai kuma waɗanda wata lalura ke hana su riƙe littafi ko bin rubutu da ido. Ta bambanta da rikoda ko na'urar MP3 domin ana sarrafa ta ba tare da kallon allo ba: kowane maɓalli yana da siffar da yatsa zai gane, kuma na'urar tana faɗin abin da aka danna.

Tarihi

An fara naɗar littattafai a kan faifan garmaho domin makafi a Amurka a shekarun 1930, ta hannun American Foundation for the Blind da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin ƙasar. A Birtaniya, ƙungiyar da ake kira RNIB a yau ta fara nata shirin a shekarar 1935. Daga baya kaset ya maye gurbin faifan, sannan aka koma CD da katin ajiya. A shekarar 1996 aka kafa ƙungiyar DAISY, wadda ta samar da tsari ɗaya na shirya littattafan sauti da ɗakunan karatu na ƙasashe da dama suka amince da shi.

Tsarin DAISY

Babbar matsalar kaset ita ce neman wuri: ɗalibin da ke son shafi na 120 sai ya yi ta tura kaset gaba da baya. A tsarin DAISY ana sa wa littafi alamomi a kan babi, sashe da shafi, wani lokaci har da sakin layi. Mai sauraro zai iya tsallakawa zuwa babi na gaba, ya danna lambar shafi, ko ya ajiye alama a inda yake son dawowa. Na'urar da ke kunna MP3 kawai ba ta gane waɗannan alamomi.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Abu na farko shi ne inda littattafan za su fito. Wasu ɗakunan karatu, kamar na NLS a Amurka, suna kulle littattafansu, sai na'urar da aka ba izini ce ke buɗe su. Don haka ana fara sanin ɗakin karatun da za a yi rajista da shi kafin a biya kuɗin na'ura.

Na biyu shi ne murya. Akwai littattafan da mutum ya karanta aka naɗa, akwai kuma rubutu irin na EPUB, Word ko TXT da muryar kwamfuta ke karantawa. Muryoyin da ke zuwa da na'urorin galibi na manyan harsuna ne kamar Ingilishi da Faransanci. Idan muryar Ingilishi ta karanta Hausa, ba ta furta ɓ, ɗ da ƙ daidai, kuma ba ta bin karin sauti. Mai karatun Hausa ya fi dogara da littafin da mutum ya naɗa.

Na uku shi ne maɓallai. Wasu na'urori na da jerin lambobi irin na tsohuwar wayar hannu, wanda ke sauƙaƙa shiga shafi kai tsaye. Wasu kuma maɓallansu kaɗan ne manya, sun fi dacewa da dattawa ko masu ciwon suga da yatsunsu suka rage ji.

Ana kuma duba daɗewar batir, musamman inda wutar lantarki ba ta tsayawa, da ko za a iya caji ta USB da sauya batirin idan ya mutu. Sauran abubuwan sun haɗa da ƙara saurin karatu ba tare da murya ta canja ba, ramin katin SD, da makirfo na naɗar darasi a aji.

Sanannun na'urori

Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai Victor Reader Stream na kamfanin HumanWare a Kanada, wanda ya fara fitowa a shekarar 2007, da Plextalk Pocket na Shinano Kenshi a Japan, da Milestone na kamfanin Bones a Suwizalan. Wayoyin zamani ma na yin wannan aiki ta hanyar TalkBack ko VoiceOver da manhaja irin Dolphin EasyReader. Waya ta fi sauƙin samu, amma shafa gilashi na buƙatar koyo, kuma kira da saƙonni na katse karatu.

Samun littattafai

Na'ura ba ta da amfani idan babu abin karantawa. Yarjejeniyar Marrakesh ta shekarar 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta ba ƙungiyoyin da aka amince da su damar mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, da musayarsu tsakanin ƙasashe, ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a shekarar 2017.