Wa Ya Cancanci Shafi A Wikipedia?

Matasanmu masu kiɗan jita da ganguna a majami'un Kano sukan tambaya ko ƙungiyarsu ta isa samun shafi a Wikipedia, kundin ilimi na intanet da aka fara a 2001. Bari mu gane ma'aunin. Ba a duban daɗin waƙa ko yawan masu tafi. Dole sai jaridu ko littattafai masu zaman kansu sun yi cikakken rubutu a kan ƙungiyar, kamar yadda aka yi wa Panam Percy Paul. Yabon fastonmu bai isa shaida ba. In an share shafinmu, kada mu ce tsanani ne. Luka 10:20 yana tuna mana cewa rubutun sunayenmu a sama shi ne abin murna.