Yadda Na'urar Sayar da Kaya Take Gane Akwatin Kuɗinta Ya Cika

A ƙasashe irin su Japan da Amurka akwai na'urori masu sayar da lemo da kayan ƙwalama ba tare da mai tsaro ba. Mai saye yakan zura takardar kuɗi, na'ura ta tantance ta, sa'an nan wani ɗan injin lantarki ya tura ta cikin akwati, inda faranti mai sifirin yake danne takardun wuri ɗaya.

Mutum zai zaci ƙidaya kaɗai ta isa a san akwati ya cika. Amma kaurin sabuwar takardar dala kamar milimita 0.11 ne, watau guda 500 za su ci santimita 5.5, alhali tsofaffin takardu da suka sha hannu suka yamutse sun fi haka cin wuri. Saboda haka galibi nauyin turawa ake aunawa. Gwargwadon yadda takardu suka taru, haka sifirin yake ƙara tauri, injin kuma ya ƙara jan wuta. In wutar ta wuce iyakar da aka ƙayyade, ko injin ya kasa kammala tafiyarsa cikin lokacin da aka ɗibar masa, na'ura ta san wuri ya ƙare. Wasu kuwa maɓalli ne a ƙarshen akwati, wanda farantin yake taɓawa in ya ja da baya.

Daga nan sai na'ura ta daina karɓar takarda har mai ita ya zo ya kwashe. Ba don haka ba, da takarda ta maƙale ta yage, mai saye ya rasa kuɗinsa, ciniki kuma ya tsaya.