Rage Ƙiba: Dole Ne Mu Bar Cin Burodi?

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa shayi da burodi ya zama karin kumallo na kullum. Shi ne muke ba baƙo, shi ne ake rabawa a taron zumuntar mata da taron dattawa, shi ne kuma tsarabar wanda ya dawo daga birni. A lokaci guda, mutanen da ake gaya musu a asibiti cewa suna da hawan jini ko ciwon sukari suna ƙaruwa. Shawarar da aka fi ba su ita ce, "Ku rage ƙiba." Da jin haka, sai maƙwabta su ce, "To, sai ka bar burodi."

Wannan magana tana da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Wadansu sun bar burodi sun sami sauƙi. Wadansu sun bar shi amma ƙibar tana nan. Akwai ma waɗanda barin abinci farat ɗaya ya jefa su cikin hatsari. Bari mu duba dalilin.

Mene ne a cikin burodi?

Ƙwayar alkama tana da kashi uku. Akwai ɓawo na waje wanda yake zama dusa, akwai ɗan idon da yake tsira idan an shuka, akwai kuma farin gari na tsakiya wanda yawancinsa sitaci ne. A kamfanin niƙa, ana cire dusar da idon, a bar farin garin. Shi ne fulawa. Mai gidan burodi sai ya ƙara sukari, gishiri, mai ko bota, da yis.

Idan mun ci burodi, ciki yana mai da sitacin ya zama sukari, ya shiga jini. Da yake an cire dusar, babu abin da zai rage saurin wannan aiki. Sukarin jini yakan hau da sauri, ya kuma sauka da sauri. Shi ya sa wanda ya ci burodi da ƙarfe bakwai na safe yakan ji yunwa kafin sha ɗaya, amma wanda ya ci ɗumamen tuwo da miyar ganye ko dafaffen wake yakan daɗe bai ji ba.

Burodi ba guba ba ne. Yana ba da ƙarfi, yana da ɗan abin gina jiki. Tun shekarar 2002 doka ta wajabta a ƙara bitamin A cikin fulawar da ake niƙawa a Nijeriya. Matsalar ita ce yana da laushi, ba ya bukatar tauna sosai, mutum yakan ci da yawa kafin ya ji ya ƙoshi.

Mu yi ɗan lissafi

Ana auna ƙarfin da abinci yake ba jiki da abin da ake kira kalori. Mace babba tana bukatar wajen kalori 2,000 a rana, namiji kuma wajen 2,500. Mai noma a damina yana bukatar fiye da haka. Abin da ya wuce bukata, jiki yakan ajiye shi ya zama kitse.

- Farin burodi giram 100 yana da kalori wajen 265. Wanda ya ci giram 200 a zama ɗaya ya sami 530.
- Babban cokali ɗaya na bota, wajen kalori 100.
- Ƙaramin cokali ɗaya na sukari, kalori 16. Cokali huɗu a shayi, 64.

Jimla kusan 700 ke nan, ba a ma haɗa da madara ko soyayyen ƙwai ba. Wato kashi ɗaya cikin uku na abin da mace take bukata a yini guda ya tafi tun da safe, ga shi kuma yunwa za ta dawo kafin rana ta yi tsaka.

Yanzu mu gwada da waɗannan: dafaffen wake giram 100 yana da kalori wajen 115, dafaffen dankalin Hausa giram 100 bai kai 90 ba, dafaffen ƙwai ɗaya wajen 75. Mutum zai cika cikinsa da su a kan rabin abin da burodi da bota za su ba shi.

Akwai kuma batun gishiri. Ba a jin sa a baki saboda zaƙi ya rufe shi, amma burodi giram 100 yakan ƙunshi gishiri wajen giram 1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da na miya da na ɗunƙulen ɗanɗano. Mai hawan jini ya lura da wannan.

Abin da yakan faru idan an bari

A mako na farko, wanda ya bar burodi da sauran abinci mai sitaci yakan ga nauyinsa ya sauka da kilo 1 ko 2. Sai ya yi murna. Amma yawancin abin da ya fita ruwa ne. Jiki yana ajiye wani kashi na sitaci a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Idan an ƙone ajiyar, ruwan yakan fita ta fitsari. Ranar da aka koma cin sitaci, ruwan yakan dawo. Kada wannan ya karya mana zuciya, kada kuma ya ruɗe mu.

Kitse na ainihi yana narkewa a hankali. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne gwargwadon da ma'aikatan lafiya suke so. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Wadansu sukan ji kasala, ciwon kai, da kwaɗayin abu mai zaƙi a kwanakin farko. Wannan yakan wuce idan ana cin abinci isasshe ana kuma shan ruwa.

Me ya sa wadansu ba sa ganin canji?

Domin sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. An bar burodi, amma an maye gurbinsa da soyayyar doya, fanke, cincin, biskit, ko taliyar leda. Duk fulawa ce ko mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120. Ƙosai abinci ne mai kyau domin na wake ne, amma yana shan mai. Alala ta fi shi ga mai neman rage ƙiba.

Wani kuma ya bar burodi amma bai bar lemun kwalba ba. Kwalba ɗaya ta santilita 35 tana da sukari wajen ƙaramin cokali 9. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen cokali 12 a rana ga babba, idan ma an tsaya a 6 ya fi.

Wani kuma ya bar karin kumallo gaba ɗaya, sa'an nan da dare ya ci malmala uku. Jiki ba ya duban sunan abinci. Abin da yake lissafawa shi ne jimlar abin da ya shiga da abin da aka ƙone.

Ragewa ko bari?

Ga yawancin mutane, ragewa ta fi dorewa. Wanda ya yi rantsuwar barin abu har abada yakan karya ta kafin wata ya cika, sa'an nan ya ce duka abin ya gagara. Ga matakan da za a iya bi:

1. A yanka burodin kafin a fara ci. A ɗauki yanka biyu, a mayar da sauran cikin leda a ajiye nesa. Kada a riƙa gutsira daga dunƙule.
2. A mai da shi abincin kwana biyu a mako maimakon kullum.
3. A ci shi da wake, dafaffen ƙwai, awara, ko ɗan tunkuzar gyaɗa maimakon bota. Waɗannan suna rage saurin shigar sukari cikin jini, suna kuma riƙe ciki.
4. A rage sukarin shayi cokali ɗaya kowane mako. Harshe yakan saba.
5. A ci a zaune, a tauna da kyau. Ciki yana ɗaukar lokaci kafin ya sanar da mutum cewa ya ƙoshi.

Me za mu ci a madadinsa?

Abin da ya fi burodi yana cikin rumbunmu da bayan gidanmu:

- Dafaffen wake, shi kaɗai ko da ɗan dankali ko masara.
- Gwate ko fate na acca ko tsakin masara, da ganye mai yawa: alayyafo, rama, yakuwa, gauta.
- Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli.
- Kunun gero, dawa, ko tamba wanda ba a tace dusar duka ba, ba a kuma cika masa sukari ba.
- Ɗumamen tuwo malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa.
- Dafaffen dankali, gwaza, ko kabewa.

Mu tuna da abu ɗaya. Acca da tamba abinci ne masu kyau, amma su ma sitaci ne. Ba magani ba ne, ba sa kuma warkar da ciwon sukari. Wanda ya cika kwano da tuwon acca ya ci sitaci mai yawa. Hanya mai sauƙi ita ce a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan kuma tuwo ko wani abu mai sitaci.

Burodi mai launin ƙasa fa?

Burodin da aka yi da alkama tare da dusarta ya fi fari amfani, domin yana riƙe ciki, yana kuma taimakon mai fama da taurin bayan gida. Amma kalorinsa kusan ɗaya ne da na fari, saboda haka shi ma sai an auna. A kuma yi hankali, akwai wanda launi kawai aka sa masa. Na gaskiya yakan yi nauyi a hannu, ana kuma ganin ɗigon dusa a cikinsa.

Wadansu sukan tambaya game da gurasar Jibin Ubangiji. Ɗan gutsuren da ake karɓa bai kai abin da zai ƙara ƙiba ko ya tayar da sukarin jini ba. Kada kowa ya janye daga tebur saboda wannan.

Waɗanda bai kamata su rage abinci da kansu ba

- Masu ciwon sukari da suke shan magani ko allurar insulin. Idan sun yanke sitaci farat ɗaya alhali suna shan magani kamar yadda suka saba, sukarin jini zai iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Alamun su ne rawar jiki, zufa, jiri, bugun zuciya, da rikicewar magana. Idan haka ya faru kuma mutumin yana iya haɗiya, a ba shi sukari ƙaramin cokali 3 ko 4 cikin ruwa, sa'an nan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a zuba masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti. Kafin mai ciwon sukari ya canza abinci, ya fara zuwa wurin ma'aikacin lafiya, kada kuma ya bar magani da kansa.
- Mata masu ciki da masu shayarwa.
- Yara masu girma. Su bukatarsu a ƙara musu wake, ƙwai, gyaɗa da ganye ne, ba a hana su abinci ba.
- Masu tarin fuka, masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, da waɗanda suka tashi daga jinya.
- Tsofaffi marasa jiki.

Duk wanda yake ramewa ba tare da ya rage abinci ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa, yawan fitsari, ko tari mai daɗewa, wannan ba abin murna ba ne. Ya je a gwada shi.

Yaya zan san ko ina bukatar ragewa?

Ba kowa yake da sikeli ba, amma kowa yana da igiya. Auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka yanke igiyar, ka ninka ta biyu. Sa'an nan ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya, kana tsaye, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Kitsen ciki kuwa shi ne ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Mai tef ɗin tela zai iya aunawa: hatsari yana farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Wannan awo ba na mai ciki ba ne.

Ba sai an rame ba kafin a ga amfani. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga a 2002, ya bi mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon sukari. An sa wadansunsu su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. A cikinsu, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Minti 150 kuma tafiya ce da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako. Da rani, sa'ad da aikin gona ya ragu amma ci bai ragu ba, a lokacin ne aka fi bukatar wannan tafiya. A ajiye babur idan wurin ba nisa.

Abin da za mu iya yi tare

Yana da wuya mutum ɗaya ya canza abincinsa idan dukan gida ana cin wani abu dabam. Iyali su haɗa kai. A tarurrukanmu kuma, masu girki za su iya kawo sukari a kwano dabam domin kowa ya sa wa kansa, su ajiye dafaffiyar gyaɗa, alala, ko gwate kusa da burodin, da ruwan sha mai tsabta maimakon lemun kwalba kaɗai. Idan baƙo ya ce ya gode ba zai ci ba, kada a matsa masa. Kada kuma a yi wa mai ƙiba ba'a, ko a ce wa wanda ya fara raguwa, "Lafiya kuwa?" Irin wannan magana ta sa mutane da yawa sun koma baya.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Sau nawa a mako ake cin burodi a gidajenmu, nawa kuma muke kashewa a kansa tare da sukari, madara da bota?
2. Mudu nawa na wake ko ƙwai nawa wannan kuɗin zai saya?
3. Wane karin kumallo iyayenmu suka saba ci wanda muka bari?
4. Su wane ne a cikinmu suke shan maganin ciwon sukari ko hawan jini, yaushe kuma aka gwada su na ƙarshe?

A kawo igiya zuwa taro na gaba domin kowa ya auna kansa. A kuma roƙi ma'aikacin lafiya na yankin ya zo da abin gwajin jini. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.